Ranar da Rijiya Ta Rufta da Gajere da Yayansa

Duk unguwar Gajere ake ce masa, yara ma sai dai su ƙara Baba a gaba. Mutum ne dunƙulalle mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Haƙar rijiya ya gada wurin mahaifinsa, shi da wansa, wanda kowa ke kira Yaya saboda a bakin Gajere aka ji, sunan ya bi shi. Su biyu ne kawai suka rayu cikin 'ya'yan Inna, mahaifiyarsu. Uban ya fara saukar da su rami tun ba su gama tsawo ba.

"Ni dai na ƙarasa nawa daga baya," Yaya kan ce in ana hira. "Shi kuwa wannan har yau muna jira."

Kafin ciwon ƙirji ya kwantar da uban, ya koya musu abin da ya sani. Su murza ƙasa a hannu su gane ko za ta riƙe kanta. Kada su shiga tsohuwar rijiya sai sun zura fitila da igiya, in ta mutu a ƙasa to iskar wurin ba ta mutum ba ce. In guga cike da ƙasa yana hawa, kada ka bi shi da kallo, ka manne da bango. Bayan rasuwarsa suka ci gaba da sana'ar, suna zaune gida ɗaya, kowa da sashensa da iyalinsa, ɗakin Inna a tsakiya. Na ukunsu a wurin aiki shi ne mai jan igiya, abokin Yaya tun ƙuruciya, wanda ake kira Rediyo don bakinsa ba ya mutuwa. Ko kana can ƙasa, sararin sama ya koma kamar murfin tukunya, za ka jiyo shi yana ba da labarin rigimarsa da surukarsa.

Gajere bai san tsoron rami ba. A ƙasa akwai sanyi, ba mai damunka, kai da digarka kawai. Matarsa kan ce da za a bar shi da ya kai katifarsa can. Mai sallah ne, ba ya wasa da ita, amma ba mutum ne mai dogon tunani ba. Yakan yi bisimilla ya kama igiya ya sauka, ya fito ya yi hamdala. Bai taɓa zama ya tambayi kansa ko Allah na jin sa ba, kamar yadda mutum ba ya tambaya ko ƙasa za ta ɗauke shi in ya taka ta. A haka suka yi shekaru, har furfura ta fara leƙo gemun Yaya.

Aikin da ya raba rayuwar Gajere biyu wani mai kantin magani ne ya ba su, a sabon gidan da yake ginawa can bayan gari, inda gidaje ke tsirowa ɗaya-ɗaya cikin tsofaffin gonaki. Tun farko ƙasar wurin ba ta kwanta wa Yaya a rai ba. Samanta da tauri, amma da aka yi nisa sai yashi mai laushi, irin wanda in ka tona nan sai can ya zubo. Dole suka riƙa zura zoben siminti suna jerawa don su tare bangon. Suka wuce zurfin da aka saba samun ruwa a wajen, ko damshi babu. Mai gidan kullum sai ya zo ya leƙa ya girgiza kai. Kowace safiya kafin su fara, Yaya kan ɗaga hannu ya ce, "Allah ka ba mu ruwa yau," su amsa da amin.

Da hantsi abin ya faru, rana ta fito sosai, magina na can gefe suna ɗora bulo suna waƙa. Yaya ne a ƙasa. Gajere na juye guga, Rediyo na tsakiyar wani labari, sai suka ji wani sauti kamar an zazzage buhu. Ƙura ta taso daga bakin rijiyar. Labarin ya mutu a bakin Rediyo.

Gajere ya kwanta rub da ciki a bakin ramin. "Yaya! Yaya!"

Da ƙyar muryar ta hawo. "Ina nan. Yashi ya kama ni har ƙirji. Kada kowa ya sauko, kun ji ni?"

Gajere ya riga ya kama igiya. Rediyo ya riƙe masa riga. "Ka ji abin da ya ce. Tsaya a kira mutane, don Allah." Gajere ya fizge ya sauka.

Ya same shi a tsaye, yashi ya rufe shi har hammata, hannu ɗaya kawai ke waje. Ba wurin ɗaga shebur, sai ya durƙusa kan tudun yashin ya shiga tono da hannuwansa kamar kare.

"Kai tun kana yaro ba ka jin magana," in ji Yaya yana haki.

"Ka bari in mun fita ka dake ni."

Ya tone har haƙarƙarin Yaya suka fito, sai ya ji yashi na zubo masa a ƙeya, siriri, kamar ana yi masa wasa. Ya ɗaga kai. Ya ga zoben simintin da ke samansu yana motsi, gefe ɗaya na sunkuyowa a hankali. Bai ma samu ya yi ihu ba. Wani abu ya daki ƙafarsa, ƙasa ta cika masa baki, haske ya ɗauke gaba ɗaya.

Da hankalinsa ya dawo bai san ko idonsa a buɗe yake ko a rufe ba. Ya tofar da ƙasa, ya lallaɓa da hannu. Zoben ya goce ya maƙale a karkace, ya zame musu rufi, duk ƙasar da ta zabtaro tana bisansa. Wurin da ya rage musu bai kai cikin akwati babba ba. Ƙafarsa ta hagu na danne tsakanin zoben da bango, in ya motsa ta sai ya ji azaba har tsakar kansa. Igiyar na nan ta bi ta wata 'yar kafa, ta nan iska kaɗan ke shigowa. Ya ja ta, ya sake ja. Ta maƙale, ba ta kai saƙo ko'ina.

"Gajere."

Muryar daga ƙasa da shi ta fito, daidai gwiwarsa.

"Na'am, Yaya."

"Kana da rai?"

"Ina da rai."

"To janye gwiwarka daga kunnena, ba matashi ba ne."

Gajere ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya haɗiye ta. Yashi ya sake rufe Yaya har kafaɗa. Ya miƙa hannu ya share masa fuska, ya fara tono kusa da wuyansa, amma ba inda zai kai abin da ya tono, duk abin da ya ture sai ya gangaro ya koma.

Can suka fara jin bugu daga sama, dim, dim, kamar daga wata duniya. Mutane sun taru ana tono. Kowane bugu sai yashi ya tsiyayo ta gefen zoben, zoben ya yi ƙara kamar haƙori na cizon tsakuwa. In bugun ya yi ƙarfi, Gajere ya riƙa cewa a ransa su yi a hankali, za su kashe mu. In ya tsaya kuma sai ya ce sun fid da rai sun tafi.

Bai san tsawon lokacin da suka yi a haka ba kafin Yaya ya ce, "Ƙafata na jin sanyi."

"Jini ne ba ya gudana. Motsa yatsunka."

"A'a," in ji Yaya. "Gajere, mun samu ruwa."

Da farko bai gane ba. Sai da ya cusa hannu cikin yashin gefen ƙirjin Yaya ya ji ya jiƙe. Zabtarewar ta buɗe idon ruwan da suka daɗe suna nema, yana tasowa ta cikin yashi, ba sauri ba tsayawa.

A nan Gajere ya san tsoro. Ba irin na faɗuwar gaba ba, wanda ke zuwa ya wuce. Wannan ya shiga ƙashinsa ya zauna. Ya shiga tono kamar mahaukaci har farcensa ya ɓare. Ya yi ƙoƙarin zare ƙafarsa ko da za ta tsinke, ta ƙi. Ya sa baki a kafar igiya ya yi ta ihu, "Ruwa! Ku yi sauri, ruwa!" Muryar ta dawo masa a kunne. Sama kuwa bugu na nan yadda yake, dim, dim, ba su san komai ba.

Sai ya koma ga Allah. Ya karanta duk abin da ya haddace tun yana yaro. Da suka ƙare ya shiga roƙo da bakinsa na kullum. Ya Allah ka tsayar da ruwan nan. Kai ka kawo shi, kai za ka iya tsayar da shi. Ya Allah yana da yara ƙanana. Ya Allah Inna. Ya yi alkawura iri-iri. Ya ce in rai ɗaya ake so a ɗauki nasa. Yana roƙo yana taɓa ruwan da yatsa, ya ga ko ya tsaya. Daga kafaɗa ya kai wuya.

Ya kasa kunne, shi kansa bai san me yake jira ya ji ba. Ba murya yake nema ba, ya san ba a yi wa irinsa magana. Ko ɗan sanyi ne a zuciya, ko wata alama cewa maganarsa ta wuce zoben simintin nan. Babu. Duhu ne, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da numfashin Yaya.

"Bar ihun nan, kana cinye mana iska," in ji Yaya. Muryarsa ta yi laushi. "Saurara. Rufin ɗakin yara na yoyo ta kusurwar gabas, ka gyara kafin damina. Babban nan nawa, kada ka bar shi ya shiga rami, ka kai shi ya koyi wani abu. Auta kuma tana tsoron karen maƙwabta, a riƙa raka ta."

"Kai za ka raka ta da kanka."

"To. In Allah ya so." Ya ja numfashi. "Ina jin tsoro, Gajere."

Tunda yake bai taɓa jin Yaya ya faɗi haka ba. Ya sa hannu biyu ya tallafi haɓarsa ya ɗaga fuskarsa sama iyakar yadda wuya zai miƙe. Ruwan na taɓa bayan hannunsa. Suka shiga kalmar shahada tare, Yaya na faɗa yana biye, har ya zama Yaya sai ya tofar da ruwa kafin ya faɗa. Daga baya Gajere kaɗai ke faɗa. Ya ji jikin ya yi fizga a hannunsa, ya yi, ya yi, sannan ya saki.

Bai janye hannunsa ba. Ruwan ya rufe kan Yaya, ya hau cinyar Gajere, ya kai masa ƙugu. Ya rufe ido yana jiran nasa. Yana ta jira. Da ya gaji ya taɓa bango ya sa alama da yatsa, ya jima ya sake taɓawa. Ruwan ya tsaya. Bai fi tsawon hannu ɗaya ba tsakanin inda ya tsaya da hancin Yaya.

Rana na gab da faɗuwa aka kai gare shi. Wasu mahaƙa ne da suka ji labari suka zo, suka tona wani rami a gefe suka ɓullo ta ƙarƙashin zoben. Fuskar da ya fara gani ta Rediyo ce, ta yi fari fat da ƙura, leɓensa na rawa ba magana. Sai da aka ɓamɓare yatsun Gajere ɗaya bayan ɗaya daga haɓar Yaya.

Ƙafar ta karye a wuri biyu. Ya yi kwanaki a asibiti, aka dawo da shi gida da sanda. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da kalma ɗaya a baki. "Kai dai Allah ya ji addu'arka." "Wannan ikon Allah, ruwa ya zo ƙugu ya tsaya!" Yakan ce alhamdu lillahi, amma duk sanda aka faɗa sai ya ji kamar an tura masa yashi a maƙogwaro. Shi ba kansa ya roƙa wa ba.

Ƙashi ya haɗe, tsoron bai tafi ba. Ba ya iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa. In matarsa ta lulluɓe shi da bargo sai ya wurgar. In aka yi yayyafi ƙasa ta tashi da ƙamshi, sai zufa ta karyo masa, ya fita tsakar gida yana haki. Abin da ya fi ba shi tsoro sujada ce. Da ya sa goshi a ƙasa sai numfashinsa ya ɗauke, ya ji zoben nan a bisa ƙeyarsa, ya ɗago da sauri tun kafin liman. In ya ɗaga hannu zai yi addu'a, wani tunani ya zo ya tsaya masa a gaba: ranar nan ma ka roƙa. Sai ya firgita da kansa, ya yi ta istigfari, yana ganin imaninsa ne ke zubewa kamar bangon rijiyar, ba abin da zai tare shi.

Matarsa ta lura. "Baban yara, abin nan da ke cin ka a ciki, in ba za ka gaya mini ba ka gaya wa wani. Ka dubi yadda ka koma."

Ranar wata la'asar, bayan mutane sun watse, ya tsaya a barandar masallaci har liman ya fito. Liman tsoho ne mai sanyin magana, shi ya yi wa Yaya sallah.

"Malam, akwai magana a cikina, ina tsoron in faɗe ta in halaka."

"Zauna. Wanda kake tsoro ai ya riga ya ji ta."

Gajere ya faɗa masa duka, kansa a sunkuye. "Na kira Shi, Malam, kira na gaske. Kamar da bangon rijiya nake magana. Kuma ruwan ya tsaya. Da bai tsaya ba ma da na ce haka ruwa yake. Amma ya tsaya, bayan ya gama da Yaya. Tsawon hannu ɗaya, Malam. Me zai rage Shi da shi?"

Liman ya ce, "In na ce maka na san dalili, na yi maka ƙarya. Ban sani ba. Abin da na sani, wanda ya tsayar da ruwan a nan yana da ikon tsayar da shi ƙasa da nan. Bai yi ba. Kuma ba barci yake ba, ba mantuwa ya yi ba. Iyakar sanina ke nan."

"To ai wannan ya fi ba ni tsoro."

"Ni ma yana ba ni," in ji liman. "Amma ka ji, wanda ya rabu da Ubangijinsa ba ya zuwa yana rawar jiki irin taka. Ci gaba da sallarka. In sujada ta gagara, ɗago ka huta ka koma."

Ya tafi gida ba tare da an sauke masa komai ba. Sai dai ya ji daɗi da ba a rufe masa baki ba.

Akwai wadda yake gudu a gidan, ita ce matar Yaya. A da abokiyar wasansa ce, ba ya wucewa ba ta tsokane shi da tsawonsa ba. Tun da aka dawo da shi bai iya haɗa ido da ita ba. In ya ji motsinta sai ya canza hanya. Wata safiya yana zaune a tsakar gida yana shan hantsi, ta zo da kwanon wanki ta ajiye, ta zauna a kan turmi kusa da shi.

"Gajere, gudun ya isa haka. Ni tambaya ɗaya gare ni. Kowa ce mini yake nan take ya cika. Kai kana wurin. Ya sha wuya?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya ƙi. Ya gaya mata ruwan, da saƙon rufin ɗaki, da na babban ɗansu, da na Auta da kare. Da ta ji na kare ta yi wata 'yar dariya hawaye na zuba.

"Ina bakin ramin nan tun da aka aiko," ta ce. "Na roƙi Allah har muryata ta dushe. Da aka ce an ji motsin mutum ɗaya, na ce Allah ka sa nawa ne. Ka yafe ni, haka na ce. Da aka fito da kai na kasa yi maka barka."

"Ni ma da za a tambaye ni, shi zan ce a fitar." Sannan ya ce, "Matar Yaya, ke yaya kike yin sallah yanzu?"

"Ina yi ina kuka. Wata rana ma ina yi zuciyata na tafasa, Allah ya yafe mini. Amma in na juya Masa baya, wa zan fuskanta? Yaran nan a hannun wa zan sa su?" Ta share fuska da gefen zane. "Ka ce hannunka na haɓarsa har ya cika?"

"Har aka fito da ni."

"To. Ni abin da ke hana ni sukuni ke nan, ina ganin sa shi kaɗai cikin duhu yana kira ba kowa. Ashe da ɗan'uwansa." Ta ɗauki kwanonta ta tashi.

Gajere ya daɗe a wurin. Bai san ko wannan amsa ce ba. In ma amsa ce, ba ita ya roƙa ba.

Da ƙafar ta yi ƙwari ya bi magina yana kwaɓa siminti, yana ɗingishi da kwanon kankare a ka. Amma gida biyu ne yanzu a wuyansa, ga Inna da ta kwanta tun bayan rasuwar Yaya. Aikin lebura yau akwai gobe babu. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma shi ne abin da ko tunaninsa ba ya son yi.

Rediyo ne ya zo wata rana, ya rame, surutun ma ya ragu. Ya ce wani mai gidan burodi na neman a yashe masa tsohuwar rijiya, ƙasa mai tauri, bangon dutse, ba yashi. "Ban ce ka je ba," in ji shi. "Na dai gaya maka. Ni ma tun ranar ban taɓa igiya ba."

Matar Gajere ta ji su daga ɗaki. Da Rediyo ya tafi ta fito ta tsaya, ba ta ce je ba, ba ta ce kada ka je ba. Washegari ya ga ta wanke masa tsohon gajeren wandonsa na aiki ta shanya.

Ranar da suka je rijiyar shi da Rediyo, suka zura fitila, ta kai ƙasa tana ci. Gajere ya yi bisimilla ya zura ƙafa. Warin rijiya ya buge shi tun daga baki. Ya sauka taki ɗaya, ya ƙara, ya ƙara. Da ya kai tsakiya, haske ya ragu, sai jikinsa ya ƙi. Hannuwansa suka ƙanƙame igiya, ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse. Ba ya iya sauka, ba ya iya hawa. Yana jin kamar yashi na zubo masa a ƙeya, alhali ba komai.

"In jawo ka?" in ji Rediyo daga sama, a hankali.

Gajere ya jingina goshi da dutsen bango mai sanyi. Addu'o'in da ya haddace duk suka gudu daga kansa. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne, "Ya Allah, ban san abin da ka shirya mini a ƙasan nan ba. Ba ka gaya mini ba, na kuma san ba za ka gaya mini ba. Naka ne ni, nan da can. Ga ni nan."

Ya jira. Zuciyarsa ba ta lafa ba. Ba abin da ya canza. Sai ya zare ƙafarsa mai ciwon daga ramin takawa da take ciki a jikin bango, ya lalubi na ƙasa da shi, ya taka.

Ya yini yana cika guga da laka. Duk sanda tsakuwa ta faɗo sai ya daskare. Da ya fito da yamma ya koma bayan katanga ya yi amai, Rediyo na riƙe da kafaɗarsa. Washegari ya dawo ya ƙarasa aikin.

Gajere ya yi shekaru masu yawa bayan nan yana haƙar rijiya, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Bai sake karɓar aiki a ƙasa mai yashi ba ko nawa za a ba shi. Ranar da zai sauka ba ya iya cin komai sai ya fito. Tsoron bai taɓa barinsa ba, sai dai sun saba, kamar maƙwabcin da ba ka so amma ba inda za ka kai shi. Ya riƙe yaran Yaya tare da nasa har suka zama mutane, ba ko ɗaya da ya gaji sana'ar. Tambayar da ya yi wa liman kuwa har yau ba a amsa masa ba, ya kuma daina sa ran za a amsa masa a nan duniya. Yana sallarsa, yana roƙonsa, wani a ba shi wani a hana shi.

Yanzu ya tsufa, yana sayar da igiya da bokiti a wata 'yar rumfa kusa da gida. In aka yi rasuwa a unguwa, musamman irin ta farat ɗaya, yakan ɗauki sandarsa ya tafi. Mutane na ta yi wa mai rashin bayani, wannan ya ce ga hikimar abin, wancan ya ce ga dalili. Shi dai yakan yi gaisuwa ya nemi wuri kusa da mutumin ya zauna, ba ya ƙara komai. In kowa ya watse, shi ne na ƙarshen tashi.